Yadda ake gyaran robinen tsohon moto in ya fara yoyon esansi

Duk mai tsohon moto a garin nan na Maradi ya san warin nan, ka aje moto cikin zaure da dare, da asuba ka fito za ka masallaci sai ka ji zauren duk ya ɗauki warin esansi, ka duƙa ka diba ƙasa ka ga ɗan wuri ya yi baƙi daidai ƙarƙashin tanki. To sau da yawa ba tankin ba ne ya huje, robine ne, wato ɗan famfon nan da ke ƙarƙashin tanki wanda kake murɗawa ka buɗe mai ko ka rufe. Ni nawa Yamaha YB100 ne da na gada wajen tsohonmu Allah ya jiƙan shi, ya girmi ƙannena duka, kuma robinen shi ya wahalshe ni ya fi a ƙirga kafin in gane kan shi. Abin da na gane kuwa shi ne ƙarfi ba ya tsaida yoyo. Mutum ya ga ɗigo sai ya ɗauko kile ya yi ta ɗaurewa har ya tsaga abin, ko ya lafta mishi gam, alhali matsalar wata ƴar roba ce da ba ta kai girman dala biyar ba.

Kuma kar ka raina ɗigon. Yi lissafi da kanka, in yana ɗiga sau ɗaya duk sakan 10, a yini da kwana ɗigo 8,640 kenan, ko da mun ce sai ɗigo 30 ke cika mililita guda ka ga ya haura kwatan lita, cikin kwana huɗu lita guda ta bi ƙasa ba ka je ko'ina ba. Wannan ma kuɗi ne kawai. Babban abin shi ne robine a saman injin yake, ɗigon kan ƙarfe mai zafi yake sauka kusa da wayar buji.

Kafin ka taɓa komai

Fidda moton waje, filin gida ko ƙarƙashin bedi, inda iska ke kaɗawa, kuma ka bari injin ya huce sarai. Tururin esansi ya fi iska nauyi, ba sama yake tashi ba, ƙasa yake bi yana rarrafe, shi ya sa murhun gawayi ko kaskon shayi da ke can gefe wanda kake ganin ya yi nisa zai iya kama shi. Ka ce ma uwargida ta dakata da hura wuta, masu shan taba su matsa, yara kuma a kore su don su dai ba su ganin ana kwance moto su zauna. In moton na da batir cire wayar da ke zuwa jikin ƙarfe. Ka aje bokitin yashi kusa, wutar esansi ba a kashe ta da ruwa, ruwa baza ta yake. Ni na fi son yin aikin da hantsi, musamman watan Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40, in rana ta take esansin ƙafewa yake nan take, kai ka sha wari kuma ba za ka ga inda yake fitowa ba.

Kayan aiki ba su da yawa: kile 8 da 10, kile mai buɗewa don babban noti, turnabis, pansi, bido mai tsabta da mazurari, tsumma, tsohon buroshin haƙori, samfefa mai laushi lamba 600 da 1000, guntun gilashi ko tsohon madubi, hodar jarirai ko garin alli, da faranti mai zurfi da za ka riƙa zuba ƙananan kaya don in resor ya faɗa cikin rairayin Maradi sai dai ka yi mishi addu'a.

Gano inda yake yoyo, nan ne rabin aikin

Mutane da yawa nan suke tsallakewa, su kwance komai gaba ɗaya su maida, yoyo na nan. Esansi yana da yaudara, sirara yake yana bin jikin ƙarfe, inda ka ga yana ɗiga ba lalle nan ne ya fito ba, kullum daga sama yake gangarowa. Don haka ka wanke robinen da kewayen shi da ruwan omo, ka goge, ka bari ya bushe ƙarau, sannan ka barbaɗa hoda ko'ina, daga gindin tanki har bakin tiyo. Bar shi a rufe minti goma ka diba, sannan ka buɗe ON ka diba, sannan RES wato rizab, ajiyar man ƙasan tanki. Inda hodar ta fara yin duhu, kuma wanda ya fi kowane sama, nan ne ɓarawon.

Wurare biyar ne dai galibi. Ko tsakanin tanki da robine, ko bayan hannun da kake murɗawa, ko ɗan kofin da ke ƙasa mai tara datti, ko bakin tiyo, ko kuma yoyon ciki wanda ido ba ya gani, wato ka rufe amma mai na wucewa. Shi na ƙarshen ga yadda ake gane shi: maida hannu kan OFF, zare tiyo daga karbirata, sa bakin cikin kwalba, ɗan abin da ke cikin tiyon zai zubo ya tsaya, in bayan minti biyar yana ci gaba da ɗiga to robinen ba ya rufewa. Kuma wanga shi ya fi sharri don in allurar karbirata, wadda ke tsaida mai in ta cika, ita ma ta gaji, man zai cika karbirata ya malala cikin injin dare guda. A moto irin CG125 mai ɗakin man injin, esansin zai gauraye da man ya tsinke shi ya koma kamar ruwa, sai ka ga gejin mai ya ƙaru da kan shi kana murna, alhali injin ne ke cin kan shi. A irin namu masu hayaƙi kuma ƙasan injin ke cika, da safe ka yi ta harbawa ba ya tashi, buji a jiƙe sharkaf.

Wani abu kuma, in hodar ta nuna daga jikin tankin ne, wajen waldar da ta riƙe mazaunin robinen, to wannan ba aikin robine ba ne, tanki ne ya tsage ko tsatsa ta ci shi. Kada ka kai tankin da ya taɓa esansi wajen mai walda haka nan ko da ka juye shi tas, tururin da ya rage ciki shi ke fashewa.

In bakin tiyo ne ka huta, tiyon ya tsufa ya ƙandare kamar kara. Canza shi da tiyon esansi na gaskiya daidai girman bakin, galibi milimita 5 ko 6 a ƙananan motoci, ka sa mishi ɗan maƙalin waya. Farin tiyon nan na ruwa da ake yankowa a kasuwa wata biyu yake ya bushe.

Juye tanki da cire robinen

Sa tiyo cikin bido, maida hannu kan RES ba ON ba. Dalili, cikin tanki robinen na da baki biyu, dogon bututu na ON da gajere na rizab, in ka bar shi a ON zai tsaya alhali akwai sauran lita guda ko fiye a ƙasa, kana kwancewa ya kwararo maka cikin hannun riga. Buɗe murfin tanki don ya sauka da sauri. In ya ƙare karkata moton ɓangaren robinen ka ƙara tatsewa. Ni nakan cire tankin gaba ɗaya in kifa shi kan tsohuwar tabarma ko taya, ya fi daɗin aiki, noti ɗaya ne ko biyu ƙarƙashin siddi.

Ɗaurin robine kala biyu ne. Akwai mai kusa biyu da ke shiga cikin tanki kai tsaye, irin na Yamaha da Suzuki da yawa, akwai kuma mai babban noti guda da ke murɗuwa kan bututun tanki, irin na Honda da yawa. Mai babban notin nan a kula, wasun su zare biyu gare su, sama na dama ƙasa na hagu, yadda in ka juya notin zai jawo tanki da robine su haɗu lokaci guda, tsofaffin BMW ma haka nasu yake. In ka ga kana kwancewa abin na ƙara tauri, dakata ka duba, kada ka sa ƙarfi. Masu Honda ƴar kumbula irin C70 kuwa, da yawansu robinen a jikin karbirata yake ba a tanki ba, amma cikin shi duk tafiyar ɗaya ce.

Zaro shi a hankali don rariyar da ke kan bututun ta tsufa, tana iya karyewa ta faɗa ciki. Kafin ka kwance hannun ɗauki waya ka yi mishi hoto, kuma duk abin da ka cire ka jera shi bi da bi cikin faranti, wallahi wannan hoton ya sha fidda ni kunya.

Bis ɗin motocin Japan akwai abin sani game da su. Kan su kamar kuros ne na kowa amma ba ɗaya ba ne, nasu tsarin daban ne ana ce mishi JIS, wasu za ka ga ɗan ɗigo a kan bis ɗin. Turnabis na kasuwa ba ya zama daram ciki, shi ya sa duk tsohon moto za ka tarar kan bis ɗin shi a cinye. Dabara ita ce ka zaɓi wanda ya fi cika ramin, ka ɗan buga gindin shi da guduma sau biyu, ka danna da ƙarfi sannan ka juya, dannawa ta fi juyawa yawa.

Mai roba mai huji huɗu

Wanga shi ne a yawancin motocin Japan na shekarun 1970 da 1980 da muke da su nan. In ka cire bis biyu na farantin gaba mai rubutun ON, OFF, RES, za ka tarar da wata rondel mai lanƙwasa kamar igiyar ruwa, ita ce resor ɗin da ke danne hannun, sai hannun kan shi da zoben roba a kewayen shi, sai can ciki ƴar roba zagayayya mai huji huɗu, wasu uku wasu biyar. Bayan hannun akwai ɗan kwari da anka sassaƙa, in ka juya sai kwarin ya haɗa huji biyu mai ya wuce, in ka rufe sai fuskar ƙarfen ta toshe su. To ka ga duk sirrin yana ga fuskar hannun ta kwanta lif kan robar. In mai na fitowa waje ta bayan hannu, zoben roba ne ya mutu. In yana wucewa a rufe, mai huji huɗun ce ta ƙandare ko ta yage, ko fuskar hannun ta yi zane.

Ciro robar da tsinken sakace ko bakin allura, kada ka ƙwaƙule ta da turnabis ka karce mazaunin. Wanke komai da ɗan esansi da buroshi, ka hura kowane rami. Za ka sha mamakin abin da zai fito, jan gari na tsatsa, yashi, wani lokacin har ɗigon ruwa. Mu nan ga ƙurar hunturu ga man kwalba na bakin hanya, ƴan ruwa-ruwa wani ya tace da ƙyalle wani ko oho, ba wai man ne ba shi da kyau ba, kwalbar da mazurarin ne ke kwana cikin ƙura. Ƙwayar yashi ɗaya in ta shiga tsakanin hannu da roba, duk juyin da ka yi sai ta ja layi, ta layin nan man ke bi.

Yanzu aikin da na fi so. Ɗora samfefa 600 kan gilashi, ɗiga mata ɗan ruwa, kifa fuskar hannun a kai ka riƙa gogawa kana zana lamba 8, ba gaba da baya ba don kada gefe ɗaya ya fi cinyewa. Gilashi ake sawa saboda shi ne abu mafi daidaito da za ka samu a gida, kan benci ko siminti ba zai yi ba. Bayan kamar juyi ashirin ɗaga ka duba, inda ya yi haske ya taɓa, inda ya rage duhu rami ne, ci gaba har fuskar duka ta zama kala ɗaya, sannan ka koma 1000 ka gama. In kana son tabbaci shafa mata baƙar alkalami maka kafin ka fara, in baƙin ya goge duka to ta daidaita. Kada ka zarce, kaurin gashi guda kake son cirewa ba rabin ƙarfen ba, in ka ci da yawa resor ba zai ƙara danne shi yadda ya kamata ba. Ka wanke shi sosai bayan nan don garin samfefar ma yashi ne.

Sai maganar roba, inda mutane suka fi faɗawa. Na taɓa yanka shambur ɗin taya na yi mata huji da ƙusa mai zafi, na ji ni gwani, kwana uku ta kumbura ta toshe hanyar man, moto ya mutu mini a hanyar Tibiri da tsakar rana na turo shi har gida. Robar cikin taya ba ta jure esansi, haka ma robar silifa da ta famfon ruwa. Wadda ke jurewa ita ce nitiril, ana rubuta NBR, ko Viton wadda ta fi ta ƙarko da tsada. Ka ɗauki tsohuwar a aljihu ka je wajen masu kayan moto a babbar kasuwa ko ka ba masu zuwa Katsina da Kano saƙo, a gwada ta ido da ido, faɗi da kauri da tazarar hujin duka su zo ɗaya. In ba ka yarda da wadda anka ba ka ba, jefa ta cikin ɗan esansi a kwalba ta kwana biyu, in ta fito yadda ta shiga to sa ta, in ta kumbura ko ta yi laushi kamar tuwo ka huta da wahala. In tsohuwar ba ta yage ba shatin hannu ne kawai ya kwanta mata, juya ta ka sa bayan a gaba, tana iya kai ka wasu watanni.

Wata dabara kuma, sabon robine na ƴan kuɗi kaɗan da ake kawowa, sau da yawa jikin shi ba shi da ƙwari amma robar ciki ta yi daidai da ta tsohon naka. Saye shi ka cire robar da zoben ka sa a na asali. Ni dai ban yarda a jefar da robinen asali don an ga sabo na ƙyalli ba, na gwada guda biyu, ɗaya hannun ya karye a hannuna ɗayan kuma tun ranar farko yake gumi.

Wajen maidawa shafa ɗan man injin kaɗan a zoben da fuskar robar don kada hannu ya tsinke ta a juyin farko. Hujin robar su hau kan ƴan bututun da ke mazaunin daidai. Rondel mai lanƙwasar nan in ta baje ta zama fayau, ɗan ƙara mata lanƙwasa da yatsa ko pansi. Bis biyun ka riƙa ɗaure su bi da bi, wannan kaɗan wancan kaɗan, har farantin ya kwanta.

In naka ba bis gare shi ba ribit ne anka dasa, kamar wasu na Honda, a nan sai an huda kan ribit ɗin a cire farantin, sannan a huda jikin a yanka mishi zare a sa bis. Na M3 ana hudawa da milimita 2.5, na M4 da 3.3. In ba ka taɓa yi ba kai ma mai tour, wato mai injin sassaƙa ƙarfe, ko bakaniken da hannun shi ya faɗa, don in hujin ya zarce ya shiga hanyar mai an gama da shi.

Mai tagulla da mai toshiya

Tsofaffin Mobylette da wasu motocin Turai nasu ba roba ciki sam, wani ɗan ƙarfe ne mai tsini kamar kan fensir ya shiga rami mai irin siffar shi, resor ko noti na jan shi daga baya. Ƙarfe kan ƙarfe ne ke riƙe man. In ya fara yoyo ka kwance, ka wanke, ka shafa man goge haƙori irin farin nan a jikin tsinin, ka sa shi cikin ramin ka riƙa juyawa dama da hagu kana ɗan dannawa, kana ɗagowa kana canza wuri, minti biyar zuwa goma. In ka goge ka ga jikin ya yi toka-toka ko'ina ba tabo, ya zauna. Kada ka sa man goge bawul mai kaushi, tagulla na da laushi zai yi mata kwari. Ka wanke tas, ka goga ɗan busasshen sabulu a jikin kafin ka maida, esansi ba ya narkar da sabulu shi ya sa tsofaffin direbobi ke liƙe hujin tanki da shi a daji, giris na yau da kullum kuwa wankewa zai yi.

Na Ingila irin BSA da Triumph da Norton, waɗanda yanzu sai ka yi da gaske ka ga ɗaya, da yawa nasu ja ne da turawa, kuma cikin su toshiya ce ta ɓawon icce irin wadda ake toshe kwalba da ita. Ita in moto ya daɗe a aje ba mai sai ta bushe ta tsuke, kuma a busasshiyar iskar nan tamu ba ta ɗaukar lokaci. Akwai ɗan bis a gefe, cire shi ka zaro sandar, ka jefa ta cikin tafasasshen ruwa kamar minti goma, nesa da inda kake aikin esansi don Allah, toshiyar za ta kumbura ta dawo. Bar ta ta sha iska, shafa ɗan mai, maida a hankali kana juyawa. In ta farfashe sai sabuwa. Kuma zaren su na inci ne irin na bututun Ingila, kada ka tilasta mishi notin milimita.

Mai tiyo biyu

Wasu na ƙarshen shekarun 1970 zuwa sama za ka ga ba OFF, sai ON da RES da PRI, kuma tiyo biyu ke fita. Siririn yana zuwa maƙogwaron injin, in injin ya tashi zuƙar shi ke jan wata fatar roba a bayan robinen ta buɗe hanya, in ya mutu resor ya maida ta ta rufe. PRI kuwa a buɗe yake kullum, don cika karbirata ne in ta bushe, kuma na ga mutane da yawa suna yawo a kan PRI suna cewa robine ya lalace. Fara duba wannan. In a ON yake ɗiga injin a kashe, kwance bis huɗu na murfin baya, ɗan zoben da ke kan tsinin fatar ne ya gaji ko datti ya tokare shi. Ɗaga fatar ka haska ta a rana, in ka ga huji ko ka tarar da esansi cikin siririn tiyon to ta mutu, injin na shan mai ta ɓarauniyar hanya, ba a liƙe ta sai canji. Gwajin ta da sirinji ake yi, ka ja mai ya zubo ka saki ya tsaya, ba sai ka sa baki ba.

Kofin ƙasa da maidawa jikin tanki

Kofin nan da kile 10 yake kwancewa galibi, ciki akwai ƴar rariya da zoben roba. Zubar da dattin, canza zoben, ka ɗaure da hannu sannan ka ƙara ɗan kaɗan da kile. Jikin robinen nan ba ƙarfen kirki ba ne, zamak ne, narkakken tutiya da anka zuba a ma'auni, yana tsagewa ba gargaɗi kuma ba ya karɓar walda.

Kafin ka maida shi leƙa cikin tankin da tocila. In ka ga tsatsa, zuba ɗan gazuwal da tsabar notuna, ka toshe ramin ka girgiza har hannu ya gaji, ka juye, ka ɗauraye da esansi sau biyu ko uku, ka ƙirga notunan su fito cif yadda ka zuba. In ba haka ba duk gogar da ka yi a gilashi banza ce, sati biyu tsatsar za ta sake sauka. Rariyar bututu in ta yage a canza, kuma ka ƙara ɗan filtar na roba mai gani-har-hanji a tsakiyar tiyo.

Goge mazaunin a gindin tanki, cire tsohon fenti da ragowar juwan, wato shimfiɗar da ke hana yoyo a mahaɗa, har ƙarfe ya fito sumul. Mai kusa biyu yana da zoben roba mai siffar ƙwai, kuma abin da ake mantawa, kusoshin nan biyu cikin man suke shiga, don haka kowace tana da ƴar rondel ta musamman ƙarƙashin kanta, ta roba mai tauri ko jan ƙarfe ko alminiyom. In yaron gareji ya yar da ita ya sa ta ƙarfe, man zai biyo zaren kusar ya fito, ka canza zobe sau goma ba zai daina ba. Ni wannan ne ya cinye mini kusan wata guda. In ta jan ƙarfe ce kuma ba sabuwa, gasa ta a wuta har ta yi ja ka jefa a ruwa, za ta yi laushi ta sake kamawa. Mai babban noti kuma juwan ne a ciki, na fiba ko roba, shi ke riƙe man ba zaren ba, saboda haka naɗa farin tef na masu famfo a zaren ba ya maganin komai, sai ma ya yayyage ya tafi ya toshe jiklar, ɗan hujin da mai ke bi cikin karbirata. Gam ɗin silikon kuwa ko kusa, esansi na jiƙa shi ya zama kamar majina ya bi tiyo. Riƙe robinen ya fuskanci inda kake so da hannu ɗaya, ka ɗaure notin da ɗayan, in ya kama ka ƙara kamar kwatan juyi ka tsaya.

Gwaji

Kada ka cika tanki. Zuba lita guda, robine a OFF, tiyo a cire, kwalba a ƙasa. Sake barbaɗa hoda. Jira rabin awa. In shiru, juya RES ka ga man na zubowa da ƙarfi ba tsiyaya ba, rufe ka ga ya yanke nan take. ON ba zai kawo ba sai man ya haura dogon bututu, don haka ƙara lita biyu ko uku ka gwada shi. Juya hannun sau goma sha ka sake dubawa, sannan ka haɗa tiyo ka tada moto ka zaga unguwa, ka dawo ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashi ya kwana. In ka ga ɗan gumi a gindin tanki ƙara ɗauri kaɗan sau ɗaya tak, in bai daina ba kwance ka duba, wani abu ne bai zauna ba.

In komai ya yi daidai da safe amma da rana in ka aje moto a rana sai ya fara gumi, buɗe murfin tanki ka saurara, in ka ji ya yi fuuu to ɗan hujin numfashin murfin ne ƙura ta toshe, zafi ya kumbura tururi yana turo man ta ko'ina. Zura siririyar waya ka buɗe shi ka hura. Kuma tunda da alama man ya riga ya sauka injin kwanakin da yake yoyo, in naka irin CG125 ne mai ɗakin man injin zaro gejin ka sunsuna, in ka ji warin esansi juye shi ka zuba sabo kafin ka yi doguwar tafiya.